Kwamfutar da Ke Neman Izini

Ni dai ban san kan kwamfuta ba, amma ranar da za a gwada aikin Amatullah sai da na rufe shagona na Wunti na bi ta. 'Yata ce, kuma Oga Nnaemeka, mai shagon kwamfutar da take yi wa aiki, ya ce in gwajin ya lalace ta nemi wani wurin.

Wata cibiya ce mai ɓoye matan da suka gudo daga duka take son kwamfutoci. A cikin keke Amatullah ta yi mini bayani. Wai duk kwamfutar da ta kama Wi-Fi, a ɓoye take aika ɗan saƙo ga wani kamfani a waje, don ta gane ko akwai shafin shiga da ya tare hanya. Da haka can za su san an kunna ta, da garin da take. Ita kuwa ta hana wannan aiken sai mai kwamfutar ya yarda.

Da muka isa, aka haɗa kwamfutar da Wi-Fi ɗin cibiyar. Shiru, shafi bai fito ba, Oga ya fara gumi.

"Amatullah, kunna shi kamar na kowa mana," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kina so ki kashe ni?"

"Oga, ba ni zan kunna ba. Masu ita ne."

Na harare ta. Wannan taurin kai na ubanta ne, ni ba ruwana.

Ta juya kwamfutar ga Madam Titilayo, shugabar cibiyar, ta nuna mata ɗan rubutun da ke jira: "In tambaya a waje ko hanya a buɗe take? Za a ga inda saƙon ya fito."

Madam ta daɗe tana kallonsa, sannan ta danna "Eh". Shafi ya buɗe.

"Matan da ke zuwa nan, ba wanda ke tambayarsu kafin ya faɗi inda suke," ta ce. "Oga, duka a yi mana su haka."

Wallahi ji na yi kamar in rangaɗa guɗa a ofishin mutane.

Muna sauka a Ƙofar Ran maƙwabciyarmu Maimuna ta tare mu. "Daga ina haka da kwalliya?"

Duk unguwa an san magana ba ta kwana a cikina. Har na buɗe baki, sai na juya na dubi 'yata.

"In faɗa?"

Ta yi dariya. "Faɗa, Umma. Ban da inda wurin yake."

Har yau ban faɗi wurin ba. Sauran labarin kuwa, babu gidan da bai ji ba.