Jar Mota Mai Faɗin Maƙogwaro

A gindin dalbejiyar garejin Alu suka yi cinikin, a bakin hanyar da ta fita daga Rano ta nufi Kibiya. Filin na marigayi Alhaji Muhammad ne, shi ya ba Alu aron wurin shekara ashirin da suka wuce. Yanzu ya faɗo a gadon ɗansa Shamsuddeen, wanda tun bara yake maganar zai zuba shaguna a wurin.

Shamsuddeen ya zo da wata jar mota mai ƙofa biyu, 'yar Kwatano, gajera har sai mutum ya durƙusa kafin ya shige ta. Ya dire kwali a kan bonet.

"Baba Alu, wannan za ka ɗaura mini. Ranar kasuwar Kibiya za mu yi tsere da Mahdi, ɗan mai gidan man can. Sau biyu yana wuce ni a gaban jama'a. In motar nan ta riga tasa isa Kibiya, fili ya zama naka, a rubuce. In ta gaza, ka kwashe ƙarafanka."

Alu ya buɗe kwalin. Maƙogwaron inji ne, wato bututun ƙarfen nan mai faifai a ciki, wanda ke buɗe wa iska hanya idan an taka totur. Sai dai wannan ya fi na motar faɗi nesa ba kusa ba, dunƙulen hannu ma zai shige.

"Ɗan Alhaji, ka faɗaɗa wa mutum maƙogwaro, to huhunsa fa? Injin nan iyakar abin da zai iya zuƙa ke nan. Sai an canja bututun da ke bayansa, an buɗe salansa, an kai ta Kano an sake wa ƙwaƙwalwarta karatu ta ƙara mai. In ba haka ba ƙara kawai za ka samu, da zabura."

"A waya na gani. Bature ya sa, motarsa kamar za ta tashi sama."

"Baturen nan ya taɓa bin hanyar Kibiya?"

Kawu Ishiyaku mai faci, maƙwabcin Alu, ya tuntsire da dariya, nan take aka naɗa shi shaida. Alu ya dubi rumfarsa, ya dubi ramin da ya haƙa da hannunsa don shiga ƙarƙashin mota. Ko ya ƙi, korar tana nan tafe. Ya miƙa hannu, aka ƙulla cinikin.

Ɗaurawa ba ta ba shi wuya ba. Matsalar tiyon filta ce, wadda ke tace iska kafin ta shiga: bakinta ya yi wa sabon maƙogwaron kaɗan. Wadda ta dace sai an aiko daga Legas, kasuwa kuwa jibi. To, shi Alu asalin sana'arsa injin ban-ruwa ne, kuma duk manomin fadama ya san idan ba ka son inji ya haɗiyi ciyawa, raga ake ɗaura wa bakin tiyo. Ya shiga gida ya ɗauko rariyar tankaɗen matarsa Laraba, ya yanke ragar, ya ɗaure ta tamau a bakin maƙogwaron da igiyar roba, ya rufe bonet. Bai faɗa wa kowa ba.

Ranar kasuwa da hantsi samari suka cika bakin hanya. An riga an tura Kawu Ishiyaku Kibiya a babur ya jira wanda zai fara isa. Shamsuddeen ya buɗe ɗaya ƙofar.

"Shigo, Baba. Aikinka ne, ka ji daɗinsa."

Yana taɓa totur motar ta zabura, ƙeyar Alu ta bugi kujera. Shamsuddeen ya ɗaga ƙafa, ta mutu. Mahdi ya wuce su a farar motarsa yana ɗaga hannu ta taga. Da suka sake tashi, ƙara kam ba a magana, har awaki na tsallake shinge, amma farar motar sai ƙara ƙanƙancewa take a gabansu.

"Ina gudun, Baba? Ina gudun?"

"Na faɗa maka."

Alu ya fara tunanin inda zai kai kayansa.

Lokacin kaka ne. Gaba kaɗan manoma sun baza shinkafa a gefen kwalta tana shan rana, mata na sheƙa, ƙaiƙayi ya turnuƙe hanya. Mahdi ya rage gudu. Shamsuddeen kuwa ya ga dama ta samu, ya danne totur har ƙasa ya kutsa. Injin ya shaƙe kamar an toshe masa baki, motar ta yi sanyi. Sai aka ji fat! a ƙarƙashin bonet, ta yi wata irin kururuwa ta cilla. Farar motar ta shuɗe ta gefensu, Alu bai ma ga fuskar Mahdi ba.

"Mun wuce shi, ɗaga ƙafarka!"

"Na ɗaga!"

Alu ya leƙa. Ƙafafun yaron duka biyu suna kan birki. Allurar gudu kuwa hawa take yi.

"Innalillahi! Birki, ɗan Alhaji!"

"Ya zama dutse!"

Nan take Alu ya gane. Ƙaiƙayi ya toshe ragar, inji ya zuƙe ta ciki, ta maƙale faifan a buɗe. Ga Kibiya ta bayyana, ga rumfuna, ga amalanke, ga mata da tallan nono suna tsallaka titi. Shamsuddeen, a gigice, ya danna kuloci. Injin da aka sauke wa kaya ya yi ihun da tunda Alu yake kanikanci bai taɓa ji ba. Kafin hannunsa ya kai ga makulli, wani abu ya fashe kamar bindiga, baƙin mai ya wanke gilashi.

"Hagu! Harawa! Bi harawa!"

A cikin tulin harawar wani Bappa, mai sayar da abincin dabbobi a bakin kasuwa, motar ta nutse har rufi. Aka yi tsit. Bappa na tsaye da damin harawa a ka, bakinsa a buɗe, bai sauke ba bai kuma gudu ba. Sai da aka yaye harawa aka zaro su ɗaya bayan ɗaya, babu ko ƙwarzane.

Da aka ɗaga bonet, injin ya huje a gefe, mutum na iya hango cikinsa. Shamsuddeen ya sa yatsu biyu ya zaro yagaggen abu daga maƙogwaron, ya juya shi, ya sake juyawa. Akwai sauran garin tuwo a jikinsa.

"Baba Alu. Wannan rariya ce?"

"Ita ce."

"Ta tuwo? A motata?"

Mutane sai salati suke. A daidai nan Mahdi ya iso, ya fito ya rungume abokin tserensa yana shafa shi ko da karaya.

Kawu Ishiyaku ya gyara murya. "Ni dai abin da aka sa ni shaida a kai na gani. Ja ce ta fara isowa."

Shamsuddeen ya daɗe yana kallon motar. Ɗan mutunci ne, bai ja ba; bayan sati ya sa hannu a takardar fili a gaban mai unguwa, amma bai ƙara gaida Alu ba.

Bappa ya sami sabuwar harawa, Mahdi ya koma gida da motarsa lafiya lau. Shamsuddeen ya ci tsere, ya rasa inji da fili. Alu kuwa ya sami wurin zamansa har abada, sai dai daga Rano har Kibiya babu mai mota da ya sake tsayawa a gindin dalbejiyar nan. Masu injin ban-ruwa ne kawai ba su fasa zuwa ba.