Ranar da Rumbu Ya Ɓace

Selina ta shekara huɗu tana buga takardu a ofishin ƙungiyar manoman citta da ke Kafanchan, ba ta taɓa ɓatar da ko ƙusa ba. Sai ga shi ran wata Litinin a daminar 1998, rumbu sukutum ya ɓace a hannunta.

Rumbu shi ne sunan da manoma suka laƙaba wa wani farin akwati da ke cikin sito, inda kwamfutocin ofishin guda uku ke ajiye komai. Baƙar waya ɗaya ce ta bi bango ta haɗa su duka. A cikinsa sunayen manoma ɗari shida suke, daga Kwoi har ƙauyukan bayan dutse, kuma motar taki za ta iso da azahar. Ba sunaye, ba rabo. Selina ta kunna kwamfutarta, ta ce mata ba ta ga rumbu ba. Ta leƙa sito, ga shi zaune yana ƙyafta koren ido.

"Ke ne kin taɓa shi last," in ji Ciyaman, wato Baba Alexander, dattijon coci wanda bai taɓa yin kuskure ba tun da aka haife shi, a faɗarsa. "In moto ya zo babu suna, ki kwashe jaka naki."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta haɗiye. Aka ɗauko Leonard, injiniyan da ya haɗa kayan. Ya kashe, ya kunna. Ya hura ƙura, ya sauya wani kati a cikin kwamfutar, ya zagi wutar lantarki, ya zagi beraye. Gumi ya jiƙa masa riga. Can ya rarrafa ya bi wayar har ƙarshenta a bayan kabad, ya ɗago da yanar gizo-gizo a kai.

"Ina murfi na nan? Ƙaramin ƙarfe ne mai ɗan sarƙa. In babu shi a bakin waya, ko ɗaya ba zai ga ɗan'uwansa ba. Sai Kaduna ake samu."

Ciyaman ya tsura wa silin ido kamar yau ya fara ganinsa, yana kaɗa makullansa a yatsa. A nan Selina ta hango abin, yana walƙiya tsakanin makullin sito da na babur. Sai ta tuna ranar Juma'a da ya tsaya a kanta yana mita wai aiki na tafiyar hawainiya. Mutumin da ya tsufa yana buɗe bakin kunyar gona don ruwa ya wuce, ya ga waya a toshe, me kake tsammani? Ya buɗe ta, ya cire murfin, ya kuma ga 'yar sarƙar ta dace da makullai.

To, ba a cewa dattijo ya yi ƙarya, balle a gaban manoman da suka cika baranda. Selina ta rusuna.

"Baba, a ba ni ki, in duba sito ko ya faɗi a can."

Ya miƙa mata makullan ba tare da ya duba ba. Ba ta nufi sito ba. Ta durƙusa bayan kabad, ta murɗa murfin a mazauninsa da makullan duka a jiki, suna reto. Kwamfuta ta yi ƙara, rumbu ya dawo, sunaye suka fara fita a takarda. Baranda ta kaure da tafi.

"Na ce za a gani!" in ji Ciyaman. "Addu'a ne. To yarinya, kawo ki na, zan je tarye moto."

"Suna bayan kabad, Baba. Hannu na yana kan aiki."

Ya sunkuya da kansa, ya fizge su har da murfin. Injin buga takarda ya tsaya cak a kan suna na tamanin da bakwai. Leonard ya dubi hannun Ciyaman, manoma suka dubi inda Leonard ke kallo.

Baba Alexander ya daɗe a tsaye. Sannan ya durƙusa da gwiwoyinsa na shekara saba'in, ya mayar da murfin, ya yi ta ƙoƙarin ɓalle sarƙar daga makullan, ya kasa. Ya bar makullan a nan.

"Selina, 'yata," ya ce a hankali, "ci gaba da aiki naki."

A ƙasa ya tafi taryen motar, babur na jingine a gindin mangwaro.