Yatsun Birkila

Birkila bai taɓa shiga filin jirgin sama ba sai sau ɗaya, da aka kai shi gyaran katanga. Amma cikin kwana huɗu ya haddace hanyar ƙasar da 'yarsa take kwance tsaf. Awa shida zuwa wata ƙasa a tsakiya, a sauka a yi zaman jiran awa tara, a sake hawa wani jirgin na awa biyar. Nan ma ba a iso ba, don ƙasar girma gare ta na fitar hankali, sai an ƙara da ƙaramin jirgi zuwa garin da asibitin yake.

'Yar tasa ita ce babba. Tun tana firamare yake ce mata Injiniya har sunan ya bi ta, da ta samu gurbin karatu kyauta a can kuwa, injiniyancin ta je karantawa. A shekararta ta uku hantarta ta lalace. Likitocin can suka ce sai an yanko sashen hantar ɗan'uwa na jini an dasa mata cikin mako biyar, in ya wuce haka ba su ɗauki alkawarin komai ba. Aka gwada jinin gidan kaf, na uban kaɗai ya dace.

Mai tikiti, wani siririn mutum mai shago a ƙarƙashin bene, shi ya zana masa hanyar a bayan ambulan.

"Na riƙe maka kujera, Baba. Biza kawai ta rage, ta marasa lafiya kuwa kwana uku ta fito. Ka je su ɗauki hoton yatsunka, shi ke nan fa."

A ofishin bizar akwai wani ɗan akwati mai gilashi da koren haske. Kowa ya ɗora yatsu, akwatin ya yi ƙara, ya wuce. Da aka zo kan Birkila sai akwatin ya yi gum. Shekara talatin da ɗaya yana dama siminti da hannu tsirara, yana shafe bakin filasta da ɗan yatsa don ya fi cokalin gini iya aikin, simintin ya cinye zanen yatsun nan tas. Ma'aikaciyar ta sa ya danna, ya sassauta, ya hura musu iska, duk a banza. Sai ta zari takarda ta goge gilashin. Kowa ya ɗaga hannu tana gogewa, aikinta ke nan, amma Birkila nasa kawai ya gani, kuma kunya ta kama shi har cikin kunnuwa.

"Baba, ka bar aiki na mako biyu, ka riƙa shafa mai, zanen zai ɗan taso," in ji ta. "Sau biyu kaɗai ake gwadawa a nan. In ya ƙi na biyu, sai an tura takardunka hedikwata."

Mako biyu Birkila ya zauna a gida, mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa zaunar da shi ba. Matarsa ta karɓi ragamar hannuwan nan kamar ita ta haife su. Safe da yamma ta lafta musu man shafawa, ta zura musu safar ƙafa, don babu ta hannu a gidan. Bokiti ba ya ɗauka, ƙofa ba ya buɗewa. Wata rana ta kama shi yana lallaɓa wata tsaga a bangon tsakar gida.

"Baban Injiniya! Wallahi ka sake taɓa bangon nan sai na ɗaure ka a kujera."

"Dubawa kawai nake yi."

"Da ido ake dubawa."

A rana ta goma sha biyu ta ɗaga babban yatsansa a hasken taga, ta ga siraran layuka sun fara fitowa, ta yi dariyar da rabonta da yi tun ranar da aka bugo waya daga asibiti. Mai tikiti ya mayar da kujerar zuwa Talata mai zuwa. Akwatin tafiya ma an haɗa, har da rigar sanyin aro.

Ranar komawa ofis, da safe, matarsa tana can tana masa guga, ya shiga wanka. Ya cire safar ya dubi hannuwan. Man ya jiƙa tsohon simintin da ke cikin tsagogin fata, ya mayar da shi baƙi ƙirin. Ya tuna matar nan da takardarta tana goge gilashi. Shi fa duk rayuwarsa in zai je gaban manya, ko ɗaurin aure ko taron iyaye a makaranta, abu ɗaya yake yi, kuma duk birkilan da ya sani haka yake yi. Ya ɗauki dutsen goge kaushin matarsa, ya barbaɗa garin sabulu, ya dirje hannuwan nan yatsa bayan yatsa har suka yi fes, suka yi santsi. Ya fito yana jin daɗin kansa, bawan Allah, bai gaya wa kowa ba.

A ofis, akwatin mai gilashi ya sake yin gum. Ma'aikaciyar ta juya tafin hannunsa ta duba, ta dube shi.

"Baba, me ka yi musu?"

"Wankewa na yi, 'yata. Don kada in ɓata miki gilashi."

Ta gwada yatsu goman ɗaya bayan ɗaya, abin da ba a ce ta yi ba, ta kira shugabanta ya zo ya gwada da kansa. Daga ƙarshe shugaban ya ce za a tura hedikwata a tantance da hannu, mako shida in an yi sauri. Birkila ya fito da wasiƙar asibiti, ya nuna musu inda aka ja layi a ƙarƙashin kwanan wata. Suka karanta, suka ce za su rubuta "gaggawa" a saman fayil ɗin. Ya leƙa tiren da aka ajiye fayil ɗin a kai, ya ga na ƙarƙashinsa ma abin da aka rubuta musu ke nan.

Mai tikiti bai yi surutunsa na kullum ba. Ya buga waya wuri uku, a kowanne aka ce masa ba a tsallake hedikwata. Ya tambaya a hankali ko ya saki kujerar, Birkila ya ce a bar ta tukuna.

A gida matarsa ta kama hannuwan ta duba. Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa ya so ta yi. Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, yana jin kukanta daga inda yake zaune.

Da la'asar wayar ta yi ƙara. Fuskar Injiniya ta fito, ta rame, idanun sun yi ɗorawa, amma bakin yana nan.

"Baba, an ɗauka? Talatar ce dai ko?"

Ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ita kuwa ta ɗauka layin ne ba kyau, ta ci gaba.

"To saurara, don na san ka. In kun sauka a ƙasar tsakiya kada ka bi kowa, allon sama za ka duba. Ka sa rigar sanyin tun daga gida. In an kawo abinci ka ci, ba sayarwa ake yi ba. Ka samo biro ka rubuta mana, Baba."

Ya jawo biro. Yatsun suna masa zafi, amma ya rubuta duk abin da ta faɗa, layi bayan layi.

"Na roƙi nas ta sa gadonka kusa da nawa bayan aikin," ta ce, numfashinta yana yankewa. "Ta ce ba a yi, na ce ai ba ta san babana ba. Kwana shida ya rage. Zan iya kwana shida."

"To, Injiniya," ya ce. "Allah ya kai mu."