Fitilar da Na Nuna wa Baba

Ni Jussara, da ake ce wa Dakta a ɗakin gwajinmu na birnin Recife, na ƙare ƙuruciyata ina ƙera fitilar da ko ni ban taɓa ganin haskenta ba. Ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Irin hasken nan take fitarwa mai gudu cikin zaren gilas ya kai saƙon waya, wanda idon ɗan Adam ba ya kamawa. In ta kama, wani ɗan tudu ne ke tasowa a allon kwamfuta, mu kuwa manyan masana mu hau tafi kamar an ci ƙwallo.

Bakina ne ya ja mini. Babana, Aderaldo, shi ke rataya ƙwayayen lantarki na bikin São João a unguwarmu ta garin Caruaru tun ban san kaina ba. Ranar da ya tambaye ni abin da nake yi a jami'a, na ga bayanin zai yi tsawo, na ce, "Fitila, Baba." Shi ke nan fa! Har mai tuyar tapioca, wainar rogon nan, ta bakin layi ta san 'yar Aderaldo ta gaji ubanta.

Sai idonsa ya fara lalacewa, likita ya ce ciwon ba ya komawa baya. Ya bugo mini waya.

"'Yar nan, zan zo in ga fitilarki tun ina iya gani."

Na ce to, na ajiye wayar na dafe kai. Cícero, abokin aikina mai baki kamar reza, ya leƙo daga bayan na'ura.

"Dakta, me za ki nuna wa tsohon? Tudu?"

"Rufe mini baki."

Da ilimina da komai na tafi kasuwa na sayo 'yar jar fitila irin ta motar wasan yara. Na manna ta a bayan tawa, na ɓoye makunninta ƙarƙashin tebur. Na gwada, ta kama tar.

Cícero ya ce, "Na rantse wannan ne gwajinki na farko da ya yi aiki a bugu ɗaya. Mu aika wa mujalla?"

Baba ya iso a motar safe, sanye da farar rigarsa ta zuwa coci, da ƙunshin cuscuz, dambun masararmu, a hannu. Tun daga tasha yake riƙe da gwiwar hannuna. Na ɗauka ƙauna ce, har ina wani ɗaga kai. Dakta ke nan.

A ɗakin gwaji na ɗaura masa igiyar da ke zuƙe lantarkin jiki, don tartsatsi ɗaya daga yatsa ya isa ya kashe mini aiki. Cícero ya ja baƙaƙen labule ya kashe wuta. Na kunna fitilata ta gaskiya, tudu ya taso a allo. Na zura hannu ƙarƙashin tebur ina laluben makunnin ƙarya.

Ban kai ga dannawa ba na ji muryar Baba.

"Kai! Jussara! Ga ta nan kuwa. Kai, ta yi kyau!"

Na ɗago. Ɗan hasken allon ya nuna mini fuskarsa. Ba tebur yake kallo ba. Ya juya wajen bangon da muke rataya riguna, yana murmushi har kunne.

"Duk waɗanda na rataya a rayuwata babu mai haskenta," in ji shi.

Ashe idon ya riga ya tafi tun kafin ya hau mota. Ya taho tun daga Caruaru don ya yi mini ƙarya, ni kuma na kwana biyu ina shirya masa tawa. Ashe ba fitila kaɗai na gada ba.

Na janye hannuna daga makunnin.

"Baba, babu mai ganin haskenta. Ko ni ban taɓa gani ba."

Can sai ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Ja'ira! Kika bar ni ina ta zuba a gaban baƙo?"

"Tun yaushe ne, Baba?"

"Tun bayan bikin São João." Dariyar ta tsaya. "Ban so ki bar aikinki ki dawo jinya ba."

Cícero ya ce wai zai je ya duba kofi, ya fita yana fyace hanci. Ni kuwa kuka nake, Dakta guda, majina shaɓe-shaɓe.

Na kamo hannun Baba, na ɗora yatsunsa a kan ƙarfen da fitilar ke zaune a kai, mai shanye zafinta. Ya daɗe bai motsa ba.

"Tana da ɗumi," ya ce a hankali. "Kar ki kashe tukuna."