Waƙar da Ba a Taɓawa

Tokiko tana cikin yanka kokwamba a bayan kantar mashayarta sai ƙofa ta buɗe, wani mutum ya turo kai, jaka a baya, waya a hannu. Ƙarfe bakwai na yamma ko cika ba ta yi ba. Ya dubi kujeru bakwai da ke jere, ya dubi kwalaben da ke jikin bango, kowace da sunan mai ita rataye a wuya, sannan ya dubi Tokiko da shekarunta sittin da biyu, ya ɓata rai.

"Ina 'yan matan?"

"Ni ce 'yan matan," in ji ta. "Ko ka shigo ko ka ja min ƙofa, sanyi na shigowa."

Ya shigo yana tsaki, ya nufi kujerar ƙarshe, wadda ke jikin bango.

"Ba nan ba. Da mai ita."

"Ni ban ga kowa ba."

"Za ka gan shi."

Mai kujerar shi ne Numata, shugaban ƙungiyar masuntan garin. Shekara goma sha takwas yana zama a kanta. Inda Numata ya sha, nan masunta ke sha, inda ya ɗauke ƙafa kuwa sai ka ga an manna takardar haya a ƙofa. Mashaya uku a wannan lungun haka suka ƙare. Tokiko ta san lissafin sarai: ranar da ya yi fushi da ita, ba za ta kai bazara da fitila a kunne ba.

Ta miƙa wa baƙon tawul mai ɗumi, ta zuba masa giya, ta kunna masa taba tun bai laluba aljihu ba. Sana'a ce, ko ba ka son fuskar mutum. Ya ce daga Nagoya yake, hutu ya ɗauka yana yawo shi kaɗai a jirgin ƙasa, kuma wayarsa ce ta gaya masa lungun nan cike yake da mata masu zama kusa da kai suna dariyar duk abin da ka faɗa.

"Wayarka ta makara da shekara ashirin," in ji Tokiko.

"To me zan yi a nan? In zauna ina kallon ki?"

"Ga injin waƙar karaoke can. Ka kalle shi."

Ta shiga ciki ɗauko ƙanƙara, kuma nan ta yi sakacin da ba ta taɓa yi ba. A mashaya irin tata kowane ɗan gida, wato mai zuwa kullum, yana da waƙarsa, ba mai taɓa ta wani, ko da mai ita yana kwance a asibiti. Baƙo kan samu gargaɗi tun bai ɗauki makirfo ba. Wannan bai samu ba, don ya riga ya ɓata mata rai. Tana tsugune gaban firji sai ta ji kiɗan ya tashi, tsohuwar waƙar nan ta jirgin da ya bar tasha da asuba.

Waƙar Numata ce. Kafin ta zama tasa kuwa, ta mijinta ce, Genzo. Ranar da aka yi addu'ar kwana arba'in da tara da rasuwar Genzo, Numata ya ɗauki makirfo ya ce zai rera ta sau ɗaya don girmama aboki. Sau ɗayan nan yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Kullum sai ya rera ta da murya kamar ƙofar da ta yi tsatsa, kullum Tokiko sai ta tafa. Ta tsani wannan tafin fiye da komai a rayuwarta.

Ta fito da sauri ta ɗauki rimot don ta kashe. Sai baƙon ya buɗe baki.

Wannan mara kunyar, mai jaka kamar ɗan makaranta, ya iya waƙa. Bai yi ihu ba, bai ja ta ba. Har inda Genzo kan tsaya ya ja numfashi kafin ya ambaci tashar, nan shi ma ya tsaya. Yatsan Tokiko na kan maɓalli, ta kasa dannawa.

A daidai nan Numata ya shigo, masunta huɗu a bayansa, suna karkaɗe dusar ƙanƙara daga kafaɗa. Dariyar da suka shigo da ita ta mutu a bakin ƙofa.

"Mama," in ji Numata, "wane ne wannan?"

"Baƙo ne, Shugaba. Bai sani ba."

"Ke ma baƙuwa ce? Kashe."

Baƙon ya waiga, ya ga tsoho da jajayen idanu, ya ɗaga masa kofi cikin shaƙiyanci, ya shiga baiti na biyu.

"Kai, ɗan birni!" wani daga cikin masuntan ya daka masa tsawa. "Ajiye abin nan kafin in cusa maka shi a maƙogwaro!"

"Na biya kuɗin kujera, baba," in ji baƙon ta cikin makirfo, muryarsa ta cika ɗakin. "In kana so, ka bi layi."

Numata ko kallon sa bai yi ba. Ita yake kallo, da rimot ɗin da ke hannunta.

"Tokiko. Ba zan sake faɗa ba."

Rabon da ya kira sunanta tun Genzo na da rai. Ta dubi kujerar ƙarshe, ta dubi kwalabe. Ta san abin da ya kamata: ta danna, ta sunkuya, ta ba da haƙuri, ta kori baƙon, gobe a yi dariyar abin. Ba abu ne mai wuya ba, ta yi waɗanda suka fi shi ɗaci.

"Saura baiti ɗaya, Shugaba," ta ce.

Waƙar ta ci gaba. Numata ya gyaɗa kai a hankali.

"Miƙo min kwalbata."

Ɗan gida ba ya fita da kwalbarsa sai in ba zai dawo ba. Ta sauko da ita da hannu biyu, ta ajiye masa a kan kantar. Ya cire allon sunansa daga wuyan kwalbar, ya jefar a cikin kwanon kokwamba.

"Namu ma," in ji na bayansa, ba tare da ya haɗa ido da ita ba.

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa rungume da kwalbarsa. Ba su rufe ƙofar ba. Waƙar ta ƙare iska na kaɗa labule.

"Me ke damun tsohon nan?" in ji baƙon, yana ajiye makirfo.

"Ka rera ta da kyau," in ji Tokiko. "A ina ka koya?"

"Wannan? Kakana ke damun mu da ita a mota. Ni ko son ta ba na yi. Ita kaɗai na gane a cikin tarkacen waƙoƙinki." Ya shanye kofinsa, ya zaro waya, ya hau rubuta sharhi a kan mashayar yana karantawa da ƙarfi don ta ji. "Tauraro ɗaya. Ba mata. Tsohuwa mai baƙin rai, da 'yan gari masu neman faɗa. Kada ku ɓata ƙafarku." Ya ajiye kuɗi, ya saɓa jaka. "Jirgin safe zan bi. Garin nan ko a kyauta."

Da ya fita, Tokiko ta ɗebo gishiri cike da hannu ta watsa a bakin ƙofa, kamar yadda ake yi in mugun baƙo ya tafi. Watsawa ɗaya ta yi, ta ishe su duka. Ta ja ƙofar.

Gurbi biyar ne a jikin bango inda kwalabe suke ɗazu. Ta tsamo allon sunan Numata daga cikin kwano, ta jefa a shara. Sannan ta zagayo gaban kantar, ta hau kujerar ƙarshe, wadda ba ta taɓa zama a kai ba, ta ji ashe ƙafa ɗaya ta kujerar ma girgiɗi take yi. Ta ɗauki rimot ta danna lambar, ba sai ta duba littafi ba.

Kiɗan ya tashi. Ba ta ɗauki makirfo ba. Ta zuba wa kanta rabin kofi, ta bar waƙar ta tafi haka nan ba murya, tun daga farko har ƙarshe, hannayenta biyu a kan cinya.