Basarke da Jirin Bahar Maliya

Duk abin da Haladu ya mallaka a Jidda mutum ɗaya ne, Abdulghani. Shi ya tsince shi a bakin wani masallaci a unguwar Karantina, a shekarar alif ɗari tara da sittin da 'yan kai, bayan an gama aikin hajji, guzuri ya ƙare, jirgin saman da ya kawo su daga Kano ya tashi ya bar shi. Ya share masa ɗakin katako da ke ƙofar gidansa, ya ce da matarsa Mastura ta riƙa ɗora sanwa da shi. Abdulghani haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Katagum, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Kamun kifi yake yi a jirgin wani Balarabe, Nakhuda Hamad.

Shi kuwa Haladu dako yake yi a tashar jiragen ruwa, yana yi yana tsaki. To, ina laifinsa? Basarke ne ɗan Basarke daga Yawuri, masunci gaba da baya, a bakin Kwara aka binne cibiyarsa. Mutumin da ya soki dorina, wanda ake kawo wa mai ƙaya a maƙogwaro ya yi tofi ta fita, a ce ya ƙare a ɗaukar buhun siminti, ga ruwa shimfiɗe a gabansa iya ganin ido? Kullum sai ya yi wa Abdulghani naci. Da nacin ya ishe shi, sai ya roƙi nakhuda, mai jirgin ke nan, ya yarda a gwada baƙon.

Ranar fita, suna idar da sallar asuba Abdulghani ya miƙa masa wani ƙulli a tsumma mai tsabta.

"Mastura ce ta haɗa maka. Citta ce da lemon tsami da busasshen burodi. Kada ka ci abu mai maiƙo yau. In mun shiga, ka zauna tsakiya, nesa da hayaƙin inji, ka riƙa duban can inda sama ta haɗu da ruwa. Bahar yana sa jiri, mu nan dokha muke ce masa."

Haladu ya yi dariya har da dafa bango.

"Yaya, ni za a koya wa zama a jirgi? Ai kafin in iya tafiya na iya tuƙi."

"Ruwanku daban, wannan daban, ya akhi."

"Ruwa duk ruwa ne."

Ya cusa ƙullin a aljihu don kada a ce ya raina. A hanya kuma, da Abdulghani ya tsaya sayen ƙanƙara, gogan naka ya faki ido ya zauna wurin mai ful, dafaffen waken nan na Larabawa, ya sa aka malala masa mai, ya share kwano tas da burodi mai zafi. A Yawuri ba a shiga ruwa da yunwa.

Su huɗu ne a jirgin: nakhuda a wurin matuƙi, Abdulghani, wani Bahaushen Sudan mai suna Usuman, sai Haladu. Aka tayar da inji. Haladu ya wuce can goshin jirgi ya harɗe, don nan ne mazaunin gwani. Ya sunkuya yana duban ruwa kamar yadda ubansa ya koya masa, domin Basarke da ido yake karanta kogi, ya gane inda giwan ruwa ta kwanta daga yadda ruwa ke murɗawa. Muddin suna cikin duwatsun murjani da suka kare bakin Jidda, lafiya lau, har yana ba Usuman labarin wani kada.

Da suka fita sarari sai teku ya canza hali. Jirgi ya hau, ya hau, kamar ba zai tsaya ba, sannan ya sulale ƙasa ya bar hanjin mutum a sama. Abdulghani ya ɗaga murya daga tsakiya.

"Haladu, tauna cittar nan yanzu, tun kafin ya fara."

Don dai a zauna lafiya ya kwance ƙullin, ya gutsiri citta ya tauna, ya mayar da kai ƙasa yana ɗaura ƙugiyoyi a jikin zare. Bai gama na hannunsa ba ya ji yawu ya cika masa baki. Gumi mai sanyi ya karyo masa. Ya ɗaga kai, sai ya ga sama ta karkace. Kafin ya ce wani abu, ful ɗin nan ya dawo gaba ɗaya, rabi a teku rabi a rigarsa.

Usuman ya yi 'yar dariya. "Maraba da zuwa Bahar Maliya, Basarke."

Haladu bai ji shi ba. Tsoro ne ya rufe shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da dorina ta kifar da su. Ya sake yin amai, ya kuma, har ya zama ba abin da ke fita sai ruwa mai ɗaci. Yatsunsa suka yi sanyi. A duk zuriyarsu ba a taɓa jin wanda ruwa ya sa wa ciwo ba. Ruwa yakan ci Basarke in kwana ya ƙare, amma ya sa shi amai kamar mai sabon ciki? Wannan ba aikin ruwa ba ne. Sau ɗaya ya taɓa ganin mutum a irin wannan hali, wani ƙanen ubansa da aka ba fura a gidan abokin gaba, ya yi ta gumi da amai, kafin la'asar aka yi masa sutura. Kuma shi lafiyarsa ƙalau ya shigo jirgin nan, har zuwa lokacin da ya tauna cittar.

Ya dubi ƙullin da ke gefensa. Ya dubi Abdulghani, wanda ya taso yana dafa gefen jirgi zai zo wurinsa. Nan take Shaiɗan ya jera masa komai daki-daki. Wa zai so a kawo gwani inda yake cin abinci? In nakhuda ya ga aikin Basarke, wa zai ƙara duban jikan mutanen tudu? Shi ya sa ya yi ta ja masa rai. Shi ya sa ya ce tauna yanzu.

"Kada ka matso," in ji Haladu.

Abdulghani ya tsaya. "Taso ka dawo tsakiya, ka tsotsi lemon. Zai wuce."

Haladu ya cafki hannun Usuman ya riƙe gam. Muryarsa ta dushe, amma kowace kalma ta fita.

"Usuman, ka zama shaida duniya da lahira. In na mutu, Abdulghani ne. Sammu ya ba ni a citta."

Dariyar da ke fuskar Usuman ta ɗauke. Ya yi ƙoƙarin zare hannunsa, ya kasa.

"Malam, ka yi istigfari. Jiri ne kawai, kowa da haka ya fara."

"Ni Basarke ne. Ruwa ba ya yi mini haka."

Nakhuda ya ga fuskoki sun sauya, ya tambaya da Larabci me mutumin yake cewa. Usuman ya ce ba komai, zafin ciwo ne. To da an bar ta a nan, da ta tsaya tsakanin Hausawa uku. Amma Haladu, wanda Larabcinsa bai wuce na sayen burodi ba, ranar sai ga shi ya lalubo kalmar da yake nema. Ya nuna Abdulghani da yatsa, ya nuna bakinsa, ya ce guba, da harshen da nakhuda zai ji.

Ba wanda ya yi motsi. Abdulghani ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya sunkuya ya ɗauki ƙullin. Ya zuba sauran cittar duka a baki ya tauna, idonsa na kan Haladu, hawayen yaji na zubo masa. Ya cinye lemon har ɓawo. Ya cinye burodin, ya karkaɗe tsumman ya nuna masa.

Ko a nan da mai rabo ne da ya yi shiru. Ina!

"Mai sammu ai da makarinsa yake yawo," in ji Haladu. "Kuma ba kai kaɗai ba ne. Wadda ta ƙulla ta san abin da ta ƙulla."

Usuman ya ce, "Inna lillahi," a hankali, ya kawar da kai.

Abdulghani ya ninke tsumman ya sa a aljihu. Nakhuda kuwa ya riga ya juya akalar jirgi, yana faɗa shi kaɗai. Ba zai yarda mutum ya mutu a jirginsa da kalmar guba a baki ba, a zo ana yi masa tambayoyi. Ko ƙugiya ɗaya ba a jefa ba suka kamo hanyar gida.

"Usuman," in ji Abdulghani, "jawo shi tsakiya. Jiƙa rawaninka ka sa masa a ƙeya, ka juya fuskarsa wajen gari ya riƙa kallon duwatsun can. Ni hannuna ba zai taɓa shi ba."

Haka aka yi. Haladu ya jingina da akwatin ƙanƙara yana kalmar shahada, yana jiran Mala'ika. Ya zuba wa duwatsun bayan Jidda ido don su ne abu na ƙarshe da zai gani. Iska na bugun fuskarsa. Aman ya tsaya, ya ce a ransa sauƙin mutuwa ne. Suka shigo cikin murjani, ruwa ya kwanta, sai ya ji yatsunsa sun fara ɗumi. Da jirgi ya taɓa gaɓa Usuman ya kama shi ya sauko. Ƙasa ta ɗan yi lilo da shi, sannan ta tsaya cak. Ya yi taku, ya ƙara. Kansa garau. Can cikin cikinsa wani abu ya yi ƙugi, ya saurara da kyau, sai ya gane yunwa ce.

Wannan yunwar ta fi aman firgita shi. Ya tsaya a rana tsaka, baki sake, yana duban tafin hannunsa. Wani tsohon masunci da ke gyaran koma ya dubi rigarsa, ya yi murmushi, ya kwaikwayi amai, ya nuna ƙirjinsa alamar shi ma ya sha, ya ci gaba da aikinsa.

"Yaya," in ji Haladu.

Abdulghani na sauke ƙanƙarar da ta fara narkewa. Bai waiwayo ba. Nakhuda ya ɗaga wa Haladu hannu, ya ce halas, wato an gama da Larabci, kada ya ƙara ganin ƙafarsa.

Da ƙafa ya koma Karantina, yana tafe yana shirya kalmomin ban haƙuri, kowacce ya ɗauko sai ya ga ta yi kaɗan. Ya sa rai zai tarar da tabarmarsa da jakarsa a waje, har ya gwammace haka. Ya tarar da ɗakin yadda ya bar shi. Ya wanke rigarsa, ya zauna a bakin ƙofa. Abdulghani ya dawo ya shige, ya amsa sallamarsa cikakkiya, bai ƙara ko harafi ba.

Bayan la'asar ya ji motsi a bayan labulen buhu da ya raba zaure da cikin gida. Hannun Mastura ya turo ƙaramar tukunya, sabuwa fil. Ya turo risho. Ya turo ƙullin shinkafa da albasa a takardar kanti.

"Alhaji," ta ce daga ciki. Muryarta irin ta wadda ta sha kuka ce. "Maigida ya ce ɗaki naka ne har ranar da Allah ya yi maka tafiya, ba a korar baƙon Allah. Ga wannan. Mai kanti ne ya ɗaure da hannunsa, ban buɗe ba, ka duba ɗaurin."

"Hajiya, don girman Allah ki saurare ni. Ciwo ne ya..."

"Ruwan sha ma ka riƙa saye wurin mai jaki, kada ka ɗiba a randarmu. Ya ce hankalinka zai fi kwanciya, namu ma haka."

Labulen ya koma ya rufe. Daga cikin gida ƙamshin miyarta ya fara fitowa, ya ji tana kiran yara su wanke hannu. Haladu ya jawo rishon gabansa ya juya shi, ya sake juyawa. Bai ma san ta inda ake kunna shi ba.