Fasinjojin Baba Direba

"Ku sake shi! Wallahi za ku karya masa hannu!"

Tela ta yi wurgi da almakashi ta fito tsakar gida. Ƙarti biyu sun ciccibi maƙwabcinta Baba Direba, ɗansa Makaniki na riƙe da ƙafafu, shi kuwa tsohon ya ƙanƙame ƙyauren ɗakinsa da hannu biyu. Cuta ta cinye shi har ya koma kamar kara, amma su ukun sun kasa ɓamɓare shi. A ƙofar gida motar haya na jira, ba a ko kashe inji ba.

"Yaya, ki bar mu," in ji Makaniki yana haki. "Kwana huɗu ko ruwa ba ya zama a cikinsa. In zuba ido ya mutu a ɗaki, a ce na kasa kai ubana asibiti?"

"To buhun siminti ne shi? Ku ajiye shi, na riga na kira Nas."

Gidan haya ne mai ɗaki tara, kuma kowa a cikinsa gudun hijira ya kawo shi, shekara goma sha takwas da suka wuce, lokacin da rikici ya ci garinsu. Har yau 'yan gari layin baƙi suke kiran wurin. Baba Direba ne ya kwaso rabinsu a babbar motarsa, kuma tun ranar bai ƙara taɓa sitiyari ba. In ya hangi mai kaki sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce taɓin hankali. An taɓa kai shi babban asibiti da ƙarfin tsiya, aka ɗaure shi a gado, aka yi ta jero masa tambayoyi da harshen da ba ya ji sosai. Ya dawo ya yi wata uku bai ce uffan ba.

Nas ta iso a ƙafa. A ƙaramin asibitin bakin titi take aiki, ita ke ganin masu damuwar zuciya. Tela ta lura tun a soro ta tuɓe farar rigarta ta cusa a jaka.

"Mai mota, kashe injin nan don Allah, ka matsa can gaba."

Sannan ta zauna a ƙasa daidai bakin ƙofa, ta gaishe shi irin gaisuwar garinsu, wadda ta koya a bakin matan layin.

"Baba, ni ce Nas. Ba wanda zai sa ku a mota, na yi muku alkawari. In shigo, ko in zauna daga nan?"

Ya daɗe yana kallonta. "Zauna nan."

Ta gyara zama. Ba ta fito da takarda ba, ba ta tambaye shi ciwo ba. Hirar taya da birki ta ɗauko, tana kwaɓa sunayen, har ya gaji ya gyara mata.

"Ke kin ma iya tuƙi kuwa?"

"Baba, keke ma kayar da ni yake yi."

Ya yi wata 'yar dariya, yatsunsa suka saki ƙyauren. Sai a lokacin ta ce, "Zan iya riƙe hannunku in ji bugun jini? In kun ce a'a, shi ke nan." Ya miƙo hannun da kansa.

Washegari ta zo da likita, shi ma cikin kayan gida. Likita ya duba, ya ja Makaniki gefe ya faɗa masa gaskiya: ciwon hanta ne, ya riga ya yi nisa, asibiti ba zai ƙara masa komai ba sai wahala. Za a iya rage masa zafi a ɗakinsa.

"Ubanka ba mahaukaci ba ne," Nas ta ce masa, Tela na ji daga bakin famfo. "Abin da idonsa ya gani ne bai sake shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu namu tambaya ne. Ka kira Liman ma ya riƙa zuwa. Addu'a da magani ba sa faɗa."

Haka aka yi. Liman da hantsi, Nas bayan la'asar. Tsohon ya fara kurɓar shayi, ya fara barci ba firgita. A rana ta shida Nas ta leƙo ɗakin Tela.

"Baba na son magana da ke. Amma abin ya shafe ki, kuma yana da nauyi. In ba ki shirya ba, ba dole."

Tela ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki. "Me ya rage ban gani ba? Mu je."

Yana kwance a kan katifa, fuskarsa na kallon bango. A haka ya yi maganar. Ya ce ranar da suka gudo, masu bindiga sun tare su a wani shinge, suka sauke maza goma sha ɗaya. Ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya: mai faci, ladan, tagwayen mai gidan burodi, har ya zo kan malamin makaranta, mijin Tela. Suka ɗora masa bindiga a kunne suka ce ya ja mota. Ya ja.

"Na gan shi a madubi, 'yata. Yana ɗaga min hannu in tsaya. Ban tsaya ba."

Tela ta matso ta durƙusa kusa da kansa.

"Baba, ku juyo ku dube ni. Ni a bayan motar nake, ido da ido muke da shi. Ba tsayawa yake ce muku ba. Korar ku yake, yana cewa ku tafi. Cikina wata bakwai a lokacin. Yarinyar da kuka fitar, ga ta can tana karatun ungozoma."

Ya juyo a hankali. "Shekara goma sha takwas kina kawo min abinci, ba ki faɗa min ba?"

"Kun taɓa tambaya? Kullum na shigo sai ku ba ni ƙeya. Ni na ɗauka girkina ne bai yi muku ba."

Dariya ta zo masa tare da kuka, ita ma haka. Da suka lafa Nas ta ba shi ruwa, sannan ta raka Tela har ɗakinta, ta zauna tare da ita.

Bayan kwana biyu ya cika, da hantsi, ƙofa a buɗe, Liman na karatu, kansa a cinyar ɗansa. Layin baƙi gaba ɗaya ya raka shi makwancinsa.

Da mako ya zagayo Nas ta dawo gaisuwa, ta zauna a benci a tsakar gida. Tela na kan keke tana haɗa wata riga, ta hango Makaniki ya fito sanye da kayan aikinsa masu baƙin mai, ya tsaya yana murza hula. Can ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Anti Nas, ranar da muka gudo ina gaban motar. Kusa da Baba. Shekarata tara."

"Ina jin ka," ta ce. "Ba sauri muke ba."

Ya sunkuyar da kai, ita kuwa ba ta matsa masa ba. Tela ta tsayar da keken don kada ƙararsa ta dame su. Ta zura zare a allura, ta ci gaba da kalmasa bakin rigar da hannu.